Tokar Gwaggo

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Gwaggon maigidana ta rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na ƙurya a gidanmu na Kusfa, aka kai ta makwancinta kafin la'asar. Allah ya jiƙanta. Wannan kowa ya faɗa, ni ma na faɗa. Sauran abin da aka faɗa ne ya sa na ɗauko fensir.

Tun maza ba su dawo daga maƙabarta ba tsakar gida ta cika da mata. An shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Ni ina kai da kawowa da kwanonin ruwa, kaina a sunkuye yadda ya kamaci matar gida, amma kunnena a miƙe. Wata tsohuwa da ta zo daga wajen fada ta ja numfashi ta ce, "Baiwar Allah. Ta zo ta tafi, ba ta bar baya ba." Ta kusa da ita ta nuna bayan ɗaki da haɓa, inda kajin Gwaggo ke kiwo, ta ce, "Haba, ya za ki ce haka? Ga 'ya'yanta can suna tonon ƙasa." Aka yi dariya cikin mayafi, irin dariyar gidan mutuwa wadda kafaɗa kawai ke yi. Wata ta ce, "Allah dai ya yafe mata bakinta." Aka ce amin, amin ɗin da ya fi na neman rahama ƙarfi.

Mutum ɗaya na ga ta yi kukan gaske, matar mahaucin da ke bayan masallaci. Ta ce lokacin da take jego mijinta na kwance ba lafiya, sai ga Gwaggo ta shigo da budurwar kaza a hammata. Ta sa aka yanka, ta yi mata farfesu, ta zage ta tas a kan ƙazantar ɗakinta, ta ɗauki tsintsiya ta share, ta tafi ba sallama. "Har yau," in ji ta, "ban san wanne ya fi yi mini amfani ba, naman ko zagin."

A zaure an ce liman ya ce mace ce mai tsare salla. Gaskiya ne. Amma wannan yabon shi ake yi wa duk mamacin da ba a san abin da za a faɗa a kansa ba.

Ban ce uffan ba a ranar. Matar ɗa ba ta ɗaga murya a zaman makokin dangin miji. To, takarda ba ta san kunyar surukai ba. Sai da na haura talatin na shiga ajin yaƙi da jahilci, rubutuna har yanzu karkacewa yake yi kamar katangar da ta sha damina. Amma yana karantuwa. Wanda ya yi dariya ranar Talata, ya nemi mai karanta masa.

Ƙanwar mahaifin maigidana ce. Aure biyu ta yi, mazan duka suka riga ta, ba ta taɓa ko ɓari ba. Ta dawo gidan ubanta da tabarma ɗaya, tukunya biyu, da wata baƙar kaza a cikin kwando. Duk kazar da ke yawo a gidan nan yau jinin wannan baƙar kazar ce. Gajeruwar mace ce, siririya, haƙoranta jajaye saboda goro, tafiyarta kamar wadda ta bar madara a wuta. Ba ta rabo da wani dogon karan dawa da ta ɗaura wa tsumma a kai. Da shi take tsaron sama.

Za ka iya zuwa gaishe ta, kana tsakiyar "ina gajiya," sai ka ga idonta ya bar fuskarka ya koma ƙasa. Inuwa take kallo. Kafin zakara ya yi gargaɗi ita ta riga ta miƙe, kara a sama, tana ihu, "Shuuu! Tsinanniya! Uwarki ce ta ƙyanƙyashe miki?" Shirwa ta yi kwana ta koma wajen dutsen Kufena, Gwaggo ta dawo ta zauna ta ce, "Ba gajiya. Ina mutan gidan?" Ta taɓa yi wa wani babban malami haka, yana tsakiyar yi mata addu'a, hannunsa a sama. Da ta dawo ta ce masa, "Gafarta Malam, ci gaba. Allah yana jira, shirwa ce ba ta jira."

Maƙiyanta ta san su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mace ta san dangin mijinta. Takan ce kowane ɓarawo da irin ɓarnarsa. Shirwa ta ɗauki tsako ta bar uwa tana kururuwa tana kallon sama. Muzuru ya bar gashi a warwatse. Tunku ya cinye kai ya bar miki gangar jiki, kamar yana yi miki rabo. Gafiya ƙwai take so. In maciji ne, kaza za ta ƙi komawa kan kwanci ko da duka. "Mai ƙafa biyu kuwa," in ji ta, "shi kaɗai ne ke rufe miki ƙofar akurki in ya gama."

Akurkinta da hannunta ta gina, da laka da ciyawa, ta ɗora shi a kan duwatsu don kada a haƙo ta ƙasa, ƙofarsa na kallon ƙofar ɗakinta. In kaza ta ƙyanƙyashe, kwana uku sai ta dama shuni a kasko, ta kama 'yan tsakin ɗaya-ɗaya ta shafe musu baya. Wai idon shirwa farin tsako ya sani, shuɗi kuwa rikita ta yake yi. Sai ka ga baƙar kaza na tafe, 'ya'yanta na biye shuɗaye shar kamar sun fito daga marina. Unguwa ta yi ta dariya shekara guda. Shekara ta biyu mata suka fara aiko da 'yan tsakinsu a kwando.

An yi wata shekara da wani malamin gona ya shigo birni da jajayen zakarun Turawa a keji, yana cewa a ba shi zakaran gida ya ba da na Turawa, wai don iri ya gyaru. Zakara ne ƙato kamar ɗan rago. Maigidana ya ruɗu, ya karɓi ɗaya. Gwaggo ta fito har zaure, ta dubi zakaran, ta dubi malamin da gajeren wandonsa.

Ta ce, "Ɗan nan, zakaran naka ya san shirwa?"

Ya ce, "Iya, wannan ai ƙwan 'ya'yansa ya yi biyun na kajinku."

Ta ce, "Ban tambaye ka ƙwai ba. In inuwa ta gifta, yana yi wa matansa gargaɗi, ko tsayawa yake yana kallo kamar yadda kake kallona?"

Malamin ya yi dariya ya ce ilimi ya zo. Ta ce to, ilimi ya zauna a zaure, nata zakaran ba ya zuwa ko'ina. Jan zakaran bai cika wata biyu ba muzuru ya yi kalaci da shi da rana tsaka, yana tsaye a kan turmi yana nuna ƙirji. Ba ta yi wa maigidana gori ba. Gashin jelar kawai ta tsinto ta soke masa a jikin azarar zaure, daidai inda yake zama yana ɗinkin riguna. Yana nan har yau.

Ba zan yi mata ƙarya ba don ta mutu. Bakinta wuƙa ne. Ta taɓa fasa mini ƙwarya a baya don na bar ƙofar akurki a buɗe na tafi ɗebo ruwa. Mun yi kwana goma sha ɗaya ba mu yi wa juna magana ba, muna daka a turmi ɗaya. Ranar sha biyu ta ajiye mini sabuwar ƙwarya a bakin ƙofa, cike da ƙwai, ta ce wa bango, "A gaya wa 'yar ƙauye ta soya tun ba su lalace ba."

'Yar ƙauye take kirana, tun ranar da aka kawo ni har ranar da ta mutu. Daga bakin kowa zagi ne, daga bakinta ban taɓa jin zafinsa ba. Ga dalili.

Daga wani ƙauye na arewa da birni aka kawo ni gidan nan. Iyayena manoma ne, dangin maigidana kuwa mutanen birni ne, masu allura da littafi. A daminar farko da zuwana abubuwa suka yi ta lalacewa. Wani attajiri ya dawo wa maigidana da rigar da ya yi wata huɗu yana ɗinki, wai aikin bai yi masa ba. Akuya ta mutu da ciki. Ni kuma na yi ɓari. Sai 'yan tsaki suka fara ɓacewa. Yau biyu, jibi ɗaya, gata uku. Ba gashi, ba jini, ba kururuwa. Da safe a ƙirga su cif, kafin la'asar a ga sun ragu.

Maigidana yana da yaya mace, tana aure can gaba kaɗan da mu, kullum tana gidan. Yaya muke ce mata. Ita ta fara furtawa. Ba a gabana ba, amma a inda zan ji. Ta ce, "Wata mace in ta taka gida, arziki sai ya fita ta taga. Ku dubi ƙafar yarinyar nan da kyau." Farar ƙafa. Duk macen da ta karanta wannan ta san nauyin kalmar. In ta manne miki, ba sabulun da ke wanke ta. Mijinki zai sake ki ba don ya ƙi ki ba, sai don tsoro, kuma labarin zai riga ki isa ƙauyenku, ba mai sake neman ki sai wanda ba shi da abin asara.

Aka kawo laya aka rataya a ƙofar akurki. Aka yi turare. Aka kawo rubutu aka ce in wanke ƙafata da shi. Na wanke. Washegari tsako biyu suka tafi. Maigidana mutum ne mai sanyi, ba ya faɗa, amma na ga ya fara kallon ƙasa in na wuce. Ranar wata Laraba na ji Yaya na ce masa a zaure, "Ka ba ta takardarta ran Juma'a, tun gidan bai ƙare ba." Bai ce to ba. Bai kuma ce a'a ba.

Na shiga ɗaki na fara ɗaure kayana. Sai ga Gwaggo a bakin ƙofa, kara a hannu.

Ta ce, "Ke, 'yar ƙauye, ina za ki?"

Na ce, "Inda na fito, Gwaggo. Gara in tafi da ƙafata da a kore ni."

Ta ce, "Kin ci 'yan tsakina?"

Na ce, "Wallahi ban ci ba."

Ta ce, "To, ƙafarki tana da baki? Tana da ciki? Kwance kayan nan ki zo ki kwaso mini toka. Abin da ya ci tsako da ƙafarsa ya zo, in ba shi da ƙafa da cikinsa ya ja. Ba a kama sunan mutum sai an ga sawu."

Washegari da safe, bayan an yi shara, muka kwashe tokar murhu uku. Ta tankaɗe ta har ta yi laushi kamar garin tuwo. Ta barbaɗa ta a duk bayan ɗaki, daga gindin akurki har jikin katanga, tana tafiya da baya don kada ta bar nata sawun. Ta kife kwando a kan kaza da 'ya'yanta a tsakiyar wurin, ta ɗaga gefensa da dutse yadda tsako zai iya fita ya shiga. Sannan ta ja tabarma ta tare hanya ta zauna. Ta ce duk wanda ya taka mata toka kafin azahar, babba ko yaro, sai ya ɗanɗana karan nan. Ni kuma ta sa ni na zauna kusa da ita, ta ɗora ƙafafuna biyu a kan cinyarta ta riƙe, a gaban kowa.

"Ga farar ƙafar nan a hannuna," in ji ta da ƙarfi. "In tsako ya ɓata yau, sai mu ga ta inda ta bi."

Rana ta take. Gida ya yi tsit, kowa ya nemi inuwa. Ɗaki ya tare mana ganin kwandon, ba mu ji komai ba sai kazar ta ɗan yi ƙorafi sau ɗaya ta yi shiru. Da aka kira azahar Gwaggo ta miƙe ta ce a kira mata Yaya, a kira maigidana daga zaure. Aka ƙirga 'yan tsaki. Ɗaya babu.

A kan tokar kuwa ga abin a shimfiɗe, ko makaho ya shafa zai gane. Sawun ƙafafu masu dogayen farata, hagu da dama, a tsakaninsu wani layi yana lanƙwasa kamar an ja igiya. Ya tashi daga gindin kwando ya miƙe har jikin katanga, ya shige cikin rariya, kafar da ruwan wanke-wanke ke bi ya fita bayan gida. Bayan katangar nan kuwa kududdufi ne, cike da ruwan damina.

Gwaggo ta nuna da kara. "Guza. Daga kududdufi yake shigowa in rana ta yi zafi, sa'ad da ku masu ilimi kuke barci. Haɗiye tsako yake yi ɗungurungum, shi ya sa ba gashi ba jini. Kun rataya laya a ƙofa, kun bar masa rariya a buɗe." Ta juya wajen Yaya. "Ke. Cire takalminki. Ke ma 'yar ƙauye, taka nan. Ke ma taka kusa da ita." Muka taka toka mu biyu. Ta ce, "To, ɗiyar malamai, duba. Wanne ne fari? Wanne ne mai farata?"

Yaya ta ce ita dai abin da mutane ke faɗa ta faɗa. Gwaggo ta ce, "Mutane sun ce ni juya ce mai cinye maza. Na ji da kunnena shekara talatin. Babu wanda ya tankaɗa mini toka. Wannan yarinyar ni zan tankaɗa mata." Sannan ta dubi maigidana, ɗan wanta da ta goya a bayanta, ta ce, "Kai kuma, in ka rubuta takardar nan, ka rubuta biyu. Ƙofar da ta bi zan bi."

Ba a rubuta ba.

A ranar ta ɗauko wani tsohon madambaci da bakinsa ya fashe, ta fasa shi a hankali ta fid da gindin nan mai huda-huda, ta kafa shi a bakin rariya, ta tokare da dutse. Ruwa ya wuce, guza ba ya wucewa. Kullum da safe takan tsuguna ta tsokane hudojin da tsinke, don guntun tuwo da ƙasa suna toshe su. Shekara tara ba mu sake rasa tsako ta ƙasa ba.

Kada a ɗauka ko yaushe tokar ke ba ta amsa. Wata bazara annoba ta shigo unguwa. Kaza na tafiya sai wuyanta ya murɗe, ta yi farin kashi, ta faɗi. Cikin mako guda akurki ya kusa zama fayau. Ta jiƙa sassaƙen maɗaci ta ba su, ta ba su barkono, ba abin da ya yi. Ta barbaɗa toka, toka ta wayi gari sumul. Mata suka fara cewa ai wance ce ta yi jifa, an ga ta leƙo ta katanga. Gwaggo ta ce, "Wannan ban san sawunsa ba. Ban sani ba." Aka ce to ai dole da dalili. Ta ce, "Da dalili mana, ni ce ban san shi ba. 'Ban sani ba' ba ta taɓa kai kowa wuta ba. 'Wance ce' ita ke kaiwa." Ta haƙa rami mai zurfi ta binne matattun, ta ƙona ciyawa a cikin akurki, ta bar shi wata guda ba kowa. Kaji huɗu suka tsira. Da su ta sake tashi.

Ita ta tura ni aji. Da aka buɗe ajin mata a gidan mai unguwa, maigidana ya ce matar malami ba ta fita karatun boko. Gwaggo ta ce, "Ni zan kai ta, ni zan dawo da ita, in an sace ta a hanya ka kama ni." Haka aka yi. Takan zauna a bakin ƙofar ajin tana cin goro, tana hararar allon. Na ce mata ta shigo mana. Ta ce, "Ni na iya karatun toka, ya ishe ni. Ke ki koyi na takarda. Ranar da za a rubuta wani abu a kanki, ki iya karanta shi da idonki." Ranar da na fara rubuta sunana ta karɓi takardar ta juya ta sama da ƙasa, ta ce ba laifi, amma guza ya fi ni miƙe layi.

Ciwonta bai yi tsawo ba. Zazzaɓi ne da tari, kwana tara, a ƙarshen daminar nan. Ranar Litinin ta kira ni, muryarta ta dushe. Na zaci wasiyya za ta yi. Ta ce, "Baƙar nan mai tsaki goma sha ɗaya, kin shafa musu shuni?" Na ce na shafa. Ta ce, "Rariya fa?" Na ce na tsokane. Sannan ta ce, "In na tafi za su sake gwada ki. Kada ki yi kuka a gabansu. Tankaɗe toka." Ta yi kalmar shahada da kanta, ba wanda ya laƙƙana mata. Da hantsin Talata ta cika.

Ba ta yi ƙarya ba. Bana idon maigidana ya fara rauni, zare ba ya shiga masa allura sai an sa masa, aiki ya ja baya. 'Ya'ya uku na haifa a gidan nan, biyu suna ƙasa, mace ɗaya ta rage mini. Duk wannan Yaya tana riƙe da shi a ciki, tsoron kara ne ya hana ta fitarwa. Ranar Laraba, kwana ɗaya da binne Gwaggo, na ƙirga 'yan tsaki na ga tara. Ranar Alhamis, ana shirin sadakar uku, bakwai. Da la'asar ina wucewa da tukunya na ji muryar Yaya a cikin mata, ƙasa-ƙasa. "Tsohuwa ce ke danne abin da addu'a. Yanzu da ta kau, kun gani? Ido ya tafi, 'ya'ya sun tafi, ga kaji sun fara. Ɗan'uwana ya yi haƙuri da yawa."

Na san abin da zai biyo baya. A bari a yi arba'in, a kira shi gefe, a ba ni takarda. In koma ƙauye da sunan nan a goshina, ɗiyata kuma ta zauna a gidan ubanta, a hannun Yaya. Na ajiye tukunyar na shiga ɗakin Gwaggo. Karanta na jingine a bayan ƙofa. Na ɗauka.

Da safiyar Juma'a toka ba ta yi wuya ba, murhu biyar ake hurawa saboda baƙi. Na tankaɗe, na barbaɗa, ina tafiya da baya. Na kife kwando, na ɗaga gefensa da dutse. Na ja tabarma na tare hanya na zauna, kara a kan cinyata. Mata suna kallona kamar wadda aljanu suka taɓa. Wata ta ce, "Ke, gidan mutuwa ne fa." Na ce, "Na sani, Iya. Ni na yi mata wanka." Yaya ta zo za ta wuce bayan ɗaki zubar da ruwa. Na sa kara na tare.

Ta ce, "Ni za ki tare a gidan ubana?"

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri zuwa azahar. In ba a ga komai ba, ba sai kin sa an rubuta mini takarda ba. Da hannuna zan rubuta, na iya, sai Malam ya sa hannu."

Maza suka tafi masallaci suka dawo. Na aika a kira maigidana. Na ce duk matar da ta ji magana ranar Alhamis ta taso ta ga amsa. Suka taso, fiye da waɗanda na zata. Tsako shida suka rage. A kan toka ga faratan, ga jan wutsiyar, kamar shekara taran nan ba ta wuce ba. Na bi layin da kan kara har jikin katanga. Rariya a hangame. Gindin madambaci yana can gefe, an jingine shi a jikin bango, dutsen an ɗora tukunya a kansa.

Na ce, "Wa ya cire wannan?"

Sai matar mahauci ta ce, "Ai ranar Talata ne, da wanke-wanke ya yi yawa ruwa ya taru. Na ga Yaya ta tsuguna ta zare shi, ta ce tarkacen tsohuwa ya hana ruwa wucewa."

Yaya ta ce, "To, ruwa ne ya ƙi tafiya! In bar baƙi su taka ƙazanta?"

Na ce, "Ba ki yi laifi ba da kika cire, Yaya, ba ki sani ba. Da kin ce ba ki sani ba, da shi ke nan. Amma kika ce ni ce." Na cire takalmina na taka toka kusa da sawun guza. Ban ce ta cire nata ba. Ta riga ta taɓa cirewa, ta tuna, ni ma na tuna. Na dubi maigidana na ce, "Malam, idonka ya yi rauni, amma wannan manyan baƙi ne. Karanta."

Ya duƙa ya dubi sawun. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ta Juma'a, ya tsuguna a cikin caɓin, ya ɗauki gindin madambacin ya mayar da shi bakin rariya, ya sauke tukunyar ya jawo dutsen ya tokare. Ya miƙe, laka har gwiwar hannu, ya ce wa yayarsa a gaban mata, "Yaya, maganar nan an binne ta tare da Gwaggo. Kada a sake tono ta." Shekara goma ina jiran jumla ɗaya daga bakinsa. Ta zo a makare, amma na karɓa.

Jiya aka yi sadakar arba'in. An so a yanka kajin duka a yi sadaka da su, a rushe akurki a yi rumfa. Na ba da zakaru uku, don ita ma da za ta ba da. Baƙar kaza da 'ya'yanta shida kuwa na ce sai dai a fara yanka ni. Suna nan, shuni bai gama fita daga bayansu ba.

To, ke tsohuwar da kika ce ba ta bar baya ba, ga ni. Ga ɗiyata tana barci a ɗakin uwarta. Ba mahaifar Gwaggo ce ta haife ni ba, tokar murhu ce, kuma ban ga wadda ta yi naƙudar da ta fi wannan ba. Ku da kuka roƙa mata gafarar bakinta, ku roƙa wa naku, nata bai taɓa kama sunan wanda ba ta ga sawunsa ba.

Allah ya sanyaya makwancinki, Gwaggo, ya yalwata shi, ya toshe duk kafar da azaba za ta bi ta iske ki, kamar yadda kika toshe mini tawa. Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Wanda bai samu zuwa ta'aziyya ba, ƙofa a buɗe take, akwai tabarma, akwai ruwan sanyi. Amma in zai zaga bayan ɗaki ya bi ta gefe. Na barbaɗa toka.